Zugazugin Banza da Goron Hajaru

Zuwa ga Ɗiyar Kebbe, uwargidana, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah ya sanyaya makwancinki, ina sanar da ke gida lafiya, kanti lafiya, fatu sun yi kasuwa bana. Ban kira sunanki kina da rai ba, ba kuma zan fara yau ba, tunda takardar nan jarida za ta shiga, idon kowa zai gan ta. Su gani. Tambuwal ta riga ta gama yi da ni, gara su ji daga bakina.

Kin san mijinki. Ban gama makarantar Midil ta Sakkwato ba aka ce babu mai ɗaukar nauyi, na dawo ina bin kasuwar Jabo da ƙafa ina sayen fatar akuya ɗaya-ɗaya, har aka kai yau kamfani ke aiko mini da mota. Ba wanda ya ba ni ko allura. Nakan ce ban taɓa duƙa wa ɗan Adam ba, ke kuma ki ce, "To Malam, ai ƙofar ɗakina gajeruwa ta, kullum sai ka duƙa."

Kin tuna akodiyan na farko, abin kiɗan nan na Turawa da ake ja ana matsawa? Wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama ya bar mini shi a kanti, cikinsa a yage, ya ce in ba yara su yi wasa. Na buɗe shi na tarar da harsunan ƙarfe a jere, kowanne da muryarsa. Zafin bazara ya narkar da kakin da ke riƙe da su. Na sa aka samo mini kakin zuma daga Fakku, na liƙe yagewar da jar fata mai laushi, na nemi ƙaramin magagari. Ka goga harshe a baki, murya ta hau. Ka goga a gindi, ta sauka. Harsuna biyu in ba su daidaita ba sai ki ji suna kokawa, muryar na rawa. Ina gogawa ina saurare, har kokawar ta lafa su zama baki ɗaya. Ɗiyar Kebbe, ban taɓa samun riba a fata da ta yi mini daɗin wannan lokacin ba.

Ke kuwa kika raɗa masa suna zugazugin banza, wai yana shan iska ba ya hura wuta.

Daga nan direbobin da ke bin hanyar Jega suka ji labari, suka riƙa kawo nasu. Ban taɓa karɓar ko anini ba. Kin sha ce mini in riƙa rufe zaure in ina gwadawa, don mutanenmu ba su san mai gyara ba, makaɗi suka sani. Ni kuwa ina ganin wa zai kalli mai gidan kwano ya ce da shi makaɗi?

To ga abin da ya faru.

Autarmu Hajaru ta girma. Usman, malamin elemantare, ɗan gidan malamai na Dogon Daji, shi take so, shi ma ita yake so. Da kin gan shi da kin yarda. Wata rana bayan la'asar baffansa Malam Buhari ya zo da dattawa biyu, da goronsu a ƙunshe, don neman aure. Suka tarar na gama haɗa akodiyan wani direba, yana kan tabarma. Malam Buhari ya nuna shi da sanda ya tambayi ko mene ne.

Da na ce kayan wani ne da an wuce wurin. Amma ina son su koma gida su ce surukinsu ya iya abin da ko a Sakkwato ba kowa ba. Na rataya shi a ƙirji na ja. Muryar ta fito tsaf. Na ƙara ja, na bi ɗan taken da sojan nan ya koya mini, na lumshe ido. Da na buɗe, masu dawowa daga kasuwa sun toshe ƙofar zaure, wani har yana kaɗa kai.

Malam Buhari bai yi faɗa ba. Ya cire farin mayafin da ke kafaɗarsa, ya shimfiɗa a gabana kamar yadda ake yi wa makaɗin fada, ya ce, "Allah shi yi albarka, sarkin kiɗi." Suka tashi. Goron ya koma Dogon Daji ba a kwance shi ba.

Na yi ta aike cewa a bincika asalinmu, manoma ne kaka da kakanni, ba mu gaji ko kalangu ba. Aka ce ba asali aka gani ba, ido ya gani, kunne ya ji. A ƙarshe Liman ya shiga tsakani. Ya zo ya same ni da sharaɗinsu: in rantse a gabansa ba zan sake taɓa wannan kaya ba, gyara ko kaɗawa, goro ya dawo.

Nan ne wurin da alƙalamina ke nauyi. Kin san abin da uba zai ce. Ni kuwa na dubi magagarina, na ce da Liman a ba ni lokaci in yi shawara.

Hajaru na bakin ƙofa a durƙushe, ta kawo wa Liman ruwa. Ta ji. Ta ajiye ƙwaryar a hankali, ko ɗigo bai zuba ba, ta koma ciki.

Mayafin Malam Buhari kunyar gari ce, wannan ina iya ɗauka. Amma a ce an ɗora ɗiyarki a hannu ɗaya, tarkacen ƙarfe a ɗaya, ni kuma na tsaya ina aunawa kamar ina gaban sikelin kanti, wannan ban san inda zan sa fuskata ba.

Kafin magariba na bi Liman har gida na rantse. Akodiyan na mayar wa mai shi, magagari da kaki da guntayen fata na ɗaure na aika wa ƙanenki a Kebbe, ya yi yadda ya so da su. Na je Dogon Daji da kaina na gai da Malam Buhari, na tuɓe takalmi tun daga nesa. Goro ya dawo, an raba, an sa rana bayan kaka.

Sai dai yarinyarki. Da, in ta kawo tuwo sai ta zauna ta ba ni labarin unguwa, ta ce Baba kaza, Baba kaza. Yanzu ta ajiye, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ga abinci, ranka shi daɗe." Irin gaisuwar da masu kawo mini fata ke yi. Da kina nan da kin san maganar da za ki faɗa mata, da wadda za ki faɗa mini. Ni ban iya ba. Nakan shirya magana tun daga kanti, in na gan ta sai in tambaye ta ko an ba awaki ruwa.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya sa kina cikin rahama. Allah ya zaunar da Hajaru lafiya a ɗakinta, ya ba ta mijin da ba ya neman shawara a kanta. Ni kuma ina roƙon sa abu guda: kafin a ɗauke ta daga gidan nan, in ji ta ce mini Baba.

Naki har mu haɗu,
Garba Maifata, Tambuwal.