Yaran Dira Suna Jin Hausa, Ku Ne Ba Ku Iya Buga Ƙofa Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Zumuncin Hausawa mazauna Riyad, da Sakatarensa, da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ranka ya daɗe Shugaba, sunana Mamman Ɗan Tasawa, ɗan dako a wani shagon darduma da ke kasuwar Dira. Ka san ni. Ni ne tsohon da ya ɗaga hannu a taronku na bayan ƙaramar Sallah har hannun ya gaji. Ban yi boko ba, ban yi nisa a allo ba. Maƙwabcina Laminu tela ne yake rubuta wannan takarda da bakina, kuma na ce masa kada ya gyara mini magana, in ta yi zafi ya bar ta da zafinta. Na sa a saka ta a zauren waya na jama'a, domin a nan kuka saka abin da ya ɓata mini rai.

Ga abin da ya faru, saboda waɗanda ba su je taron ba. Sakatarenku, wanda ya yi karatu a Ingila kafin ya zo nan, ya ba mu labarin wata ƙasa da ake kira Wales. Ya ce suna da yarensu na gado, Welsh, wanda Turanci ya danne. Ya ce hukumarsu tana bi gunduma-gunduma tana tambayar mutane: wa ke jin yaren, wa ke magana da shi, wa ke iya karantawa da rubutawa. A wasu gundumomin yaren yana da ƙarfi, a wasu sai ka yi yawo ba ka ji shi ba. Ya ce mu ma a yi mana haka unguwa-unguwa, a ga inda Hausar yaranmu take. Ashe ma an riga an yi kafin taron. Aka fito da taswirar Riyad, aka shafa wa Nasiriya kore, aka shafa wa Dira ja, aka rubuta a ƙasa cewa yaran Dira sun rabu da Hausa. Sannan kuka ɗauke Malam Nura, ɗalibin da yake koya wa yaranmu Hausa kowace Juma'a bayan la'asar a ɗakin da ke saman shagon Laminu, kuka mai da shi Nasiriya, wai a can ne wahalarsa za ta yi amfani.

Ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Na farko, yadda aka yi tambayar. Kun aiko samari biyu ɗalibai, yara masu ladabi, ban ce ba. Amma sun zo da hantsi, lokacin da babu namiji ko ɗaya a gida. Sun zo cikin farar doguwar riga da jan rawani irin na ƴan ƙasa, kowa da waya a hannu yana dannawa. Sun buga ƙofa da ƙarfi, suka yi sallama da Larabcin littafi, tambayarsu ta farko kuma ita ce mutum nawa ke kwana a gidan. Ranka ya daɗe, ka tambayi duk wanda ya yi shekara biyar a Dira wane irin baƙo ne ke zuwa da hantsi ya tambayi mutum nawa ke kwana a gida.

A unguwarmu akwai abin da kowane yaro yake haddacewa tun kafin ya iya ɗaura takalmi. In baƙo ya buga ƙofa, ba a buɗewa. In ya yi magana, da Larabci ake amsawa, a ce baba ba ya nan, a yi shiru. In kuma baƙon ya juya harshe ya yi Hausa, to a nan ne ma ake ƙara kama baki, domin wanda ya san Hausa kuma ba mu san shi ba, ba mu san wanda ya aiko shi ba. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, lafiyarta lau, ta ɗana ma haka, amma a kowane bene akwai wanda kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa, ya yi masa jinkirin sabunta takarda, akwai baƙon da ya sauka kwana biyu kafin ya sami wuri. Yaro ba ya iya bambance wannan da wancan, shi ya sa muka ba su doka ɗaya. Ni da bakina na koya wa jikokina, kuma in an ƙara haifa mini wani gobe, shi ma zan koya masa.

Jikata Safiya ce ta tsaya bayan ƙofarmu ranar. Da na dawo daga kasuwa ta tare ni tana murna. Ta ce, «Kaka, wasu sun zo, ɗaya ya tambaye ni ko ina jin Hausa, na ce masa la.» Na shafa kanta, na saya mata askirim. Da Hausa ta ba ni labarin yadda ta ce ba ta jin Hausa. Wannan yarinya ita ce kuka shafa wa ja.

Na biyu, ba zan yi muku ƙarya ba don in ci gardama. Hausar yaranmu tana da rauni. Suna ji, amma in ka yi musu magana da Hausa, rabin amsar Larabci ce. A makaranta Larabci, a titi Larabci, wayar da ke hannunsu Larabci take yi da Turanci. Karatu da rubutu kuwa sai da Malam Nura ya zo suka fara ganin yadda ake rubuta ƙafa da ɗaki. To amma wanda yake ɗingishi daban, wanda ba shi da ƙafa daban. Kun tashi daga Wales da tambaya huɗu, kun iso ƙofarmu da guda ɗaya, ita ma ta bayan ƙyaure.

Na uku, Nasiriya. Ba ni da faɗa da mutanen Nasiriya, muna haɗuwa a jana'iza da suna. Amma su waye yaran da kuka shafa wa kore? Yawancinsu ƴaƴan ɗalibai ne da ma'aikatan ofis, waɗanda aka haifa a Kano da Zariya da Damagaram, aka zo da su suna magana. Kowane dogon hutu suna gida wurin kakanninsu. In uban ya gama karatu, ya kwashe su ya koma. Sun zo da Hausarsu, za su koma da ita ko da malami ko babu. Namu a nan aka yanke musu cibi. Akwai wanda ya kai shekara goma sha biyu bai taɓa ganin gero a gona ba. Su ne ke buƙatar malami, su kuma kuka ƙwace wa.

An ce mana ai ba a hana yaran Dira zuwa Nasiriya ba. Da wace mota? Iyayensu maza direbobin gidaje ne da masu gadi da ƴan dako, kuma Juma'a da yamma ita ce lokacin da uwar gidan da kake wa tuƙi take fita ziyara. Matanmu ba za su kwashi yara biyar su ratsa gari ba. Tun da aka mai da ajin, yaro ɗaya daga benenmu bai taka can ba.

Na huɗu, abin da aka yi mini a taro. Da aka gama nuna taswira na ɗaga hannu. Aka ba malamin jami'a dama, aka ba mai kamfani, aka ba wani yaro da ya zo ƙasar nan bara. Da na gaji na miƙe ba tare da an kira ni ba, na tambayi Sakatare: a can Wales ɗin, in sun ga gundumar da yaren ya yi rauni, kwashe malamai suke yi daga can? Da bakinsa ya ce a'a, makarantu ma suke ƙara buɗewa. Na ce to me ya sa mu za a yi mana akasi? Sai ya yi murmushi ya ce, «Baba, ka zauna, wannan magana ce ta bincike.» Mutane suka yi dariya. Kai kuma, ranka ya daɗe, ka dubi agogo ka ce lokacin salla ya yi.

Na zauna, amma ban manta ba. Ni ba na mantuwa, kowa ya san ni da wannan. Na fi shekara talatin a garin nan. Lokacin da babu kwamiti, babu shugaba, babu zauren waya, ni da marigayi Alhaji Idi muke zuwa filin jirgi mu tari baƙon da bai san kowa ba, mu kawo shi ɗakinmu ya kwana. In Bahaushe ya rasu a asibiti, mu ake kira mu yi masa wanka. Dardumar da kuka zauna a kai a taron farko na kwamitin nan, ni na roƙo ta wurin maigidana, na ɗauko ta a ka, kuma har yau ba a dawo da ita ba. Ban kawo maganar don a biya ni ba. Na kawo ta ne don a san cewa wanda aka ce wa ya zauna ya daɗe a tsaye.

Kuma taswirar nan ba ta tsaya a Riyad ba. An tura ta gida. Ƙanwata ta kira ni daga Tasawa tana jajanta mini, wai ta ji jikokina sun zama Larabawa. A gaban mutanen garinmu kuka ce mun kasa riƙe harshen ƴaƴanmu.

Na biyar, shi ne ainihin abin da ya sa na zaunar da Laminu ya bar ɗinkinsa. Kafilina ya rasu, ƴaƴansa za su sayar da shago, sun kuma gaya mini cikin mutunci cewa bayan babbar Sallah za su buga mini takardar fita ta ƙarshe daga ƙasar. Ba na kuka da su, sun riƙe ni da kyau. Zan koma Tasawa. Uban Safiya yana nan da aikinsa, ita ma tana nan. Daga ranar, abin da zai rage tsakanina da ita waya ce.

Larabcina na kasuwa ne: nawa, kawo, ɗauka, ajiye, Allah ya ba da lafiya. Da shi na ci abinci shekara talatin, amma ba a wasa da jika da shi. Kun san yadda kaka da jika suke a wurinmu, tsokana ce da zolaya, shi ya ce mata mummuna, ita ta ce masa tsoho. Da can in na tsokani Safiya sai ta yi tsuru-tsuru, ko ta ruga wurin uwarta ta ce jaddi, wato kaka da Larabci, yana zaginta, domin a makarantarsu an koya mata cewa ba a mayar wa babba magana. Haka ne a wurinsu, ban ce sun yi laifi ba. Malam Nura ne ya zaunar da su ya gaya musu cewa a Hausa jika yana da izinin da ɗa ba shi da shi. Wata Juma'a ta dawo daga aji ta same ni ina cin tuwo, ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, «Tsoho mai kwaɗayi, ka cinye mana miya, haƙori ma babu.» Uwarta ta zaburo za ta make ta, na ce kul. Na yi dariya har tuwon ya sarƙe ni. Tun da na baro gida ba a yi mini zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Yanzu makonni ke nan babu aji. Ta fara komawa jaddi. Jiya na ce mata mummuna, ta buɗe baki za ta rama, kalmar ta ɓace mata, sai ta yi murmushi ta ba ni amsa da Larabci cikin ladabi. Ladabin nan ne ya hana ni sukuni.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake ba, hakkin unguwarmu ne.

A dawo mana da Malam Nura ɗakin saman shagon Laminu. Na yi magana da shi, ya ce shi umarni yake jira. In mutanen Nasiriya suna son aji, ɗalibai sun yi yawa a can, a ba su wani.

A cire taswirar nan daga zauren waya, a kuma rubuta a wurin da aka saka ta cewa an yi kuskure a kan Dira, yadda mutanen gida za su gani kamar yadda suka ga ta farko.

In kuna son sake ƙidaya, ban hana ba, abu ne mai kyau, mutanen Wales ba su yi wauta ba. Amma a zo ranar da maza ke gida, a zo da wanda muka sani, a yi sallama irin tamu, a cire takalmi a zauna. Kada a tambayi yaro komai. A sha shayi, a bar su su manta da baƙo, a saurari abin da suke faɗa wa juna in suna rigima a kan waya. Sannan a shafa launin da ya dace, ko wane iri ne zan karɓa.

Kai kuma, ranka ya daɗe, ina gayyatarka gidana Juma'ar nan bayan la'asar, kai da Sakatare. Ban riƙe shi da gaba ba, yaro ne mai son alheri, ƙofar ce bai sani ba. Ku kira ni in kun iso bakin bene in sauko in shigo da ku da kaina. Kada ku buga, ba za a buɗe muku ba.

Ba zan daina maganar nan ba sai an yi. Kafin in bi ta filin jirgin Sarki Khalid, duk taron da kuka kira za ku gan ni a sahun gaba, kuma wannan karon ba zan ɗaga hannu ba. Abin da nake so kaɗan ne. Ina so in na zauna a ƙofar gidanmu a Tasawa waya ta yi ƙara, in ɗauka, in ji an ce tsoho mai kwaɗayi, ba a yi tuntuɓe ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a, ya ba ka ikon gyara abin da aka ɓata a ƙarƙashinka, ya raya maka zuriya, ya nuna maka jikokin da za su zolaye ka da harshen uwarka.

Wassalam.

Naku,
Mamman Ɗan Tasawa,
Dira, Riyad.