Tocilar Kausar da Sunan Wani a Kanta

Utaibiyya, Makka.

Zuwa ga ƙanena Labaran, a Bichi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Hussaina da yara da jikoki, Ya ba ku damina mai albarka. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar uwargida Shatu ta yi sauƙi, har tana sauka ƙasa da kanta. Ɗana Hudaifa yana tuƙi tsakanin Makka da Jidda, sai Juma'a muke ganinsa. Ni kuma ido ne. Likita ya ce yana ce ta rufe shi, a yi aiki, na ce a bari zafi ya wuce tukuna. Mukhtaru tela, maƙwabcin shagona, shi ke rubuta wannan, ni nake faɗa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara min magana. Hajiya Talatu da ta zo Umra za ta sa ta a hannunka. Na zaɓi takarda ne don saƙon murya ka saba saurara ka yi shiru, Hudaifa kuwa ya nuna min alamar da ke fitowa in an saurara.

Ka san rijiyar ƙofar gida ni na haƙa ta, ni da marigayi Usaini, kafin in kama hanyar Sudan. Kai a lokacin ƙasa kawai kake zubarwa, ita ma sai an yi maka tsawa. Yau duk alhajin Bichi da ya zauna a shagona sai ya ce min ya sha ruwan rijiyar Labaran. Na yi maka maganar nan a kaset, zamanin kaset, na yi ta a waya, na aiko mutum takanas. Amsa ɗaya na taɓa samu, ita ma a bakin wani: wai ai duk gida ɗaya ne. To, na ji. Ban manta ba, amma ba ita ta sa na raba Mukhtaru da kekensa yau ba.

Maganar autata ce, Kausar, wadda ba ka taɓa gani ba sai a hoto. Nan aka haife ta, Larabci ya fi mata sauƙi a baki, in ta yi Hausa sai ta riƙa tsayawa tana neman kalma. Bara na faɗi a matakalar gidan da muke haya, domin ko da rana tsaka duhu ne a cikinta, mai gidan kuma ya ƙi sa ƙwan lantarki. A shago ma haka. Ka san gyaran jakunkunan alhazai nake a unguwar Jarwal, zif da taya da hannu, kuma cikin jaka yanzu ba na ganinsa sai da haske. Yara suka ce ai akwai tocila a wayata. Akwai, amma sai ka jawo wani abu daga sama, ka nemi ɗan hoto kamar ƙwayar gero a cikin 'yan'uwansa, ni kuwa ba karatu, ba ido. In na je kunna ta sai in kashe ƙarar waya, ko in kira mutum ba gaira ba dalili.

Sai Kausar ta shiga aiki. Ta ɗauki tsohuwar kwamfutar yayanta, ta riƙa kallon darasi tana rubuta wasu layuka da Turanci, har Shatu ta fara faɗan an bar mata wanke-wanke. Sai wata rana ta karɓi wayata, ta maido min da ita da manhajar da ta haɗa da kanta. Fuskar wayar gaba ɗaya ta zama makunni guda, ko'ina ka taɓa fitilar bayan ta kama, ka sake taɓawa ta mutu. Ta farko ba ta yi ba, da an buɗe sai ta rufe kanta. Ta ce wai sai an nemi izinin wayar kafin a taɓa fitilar, domin fitilar ta kyamara ce. Na ce wayata ce, na ba da izini. Ta yi dariya ta tafi ta gyara. Ta biyu kuma da fuskar ta yi barci sai hasken ya ɗauke, ina tsakiyar matakala. Na ce mata wannan ba tocila ba ce, tarko ne. Ta gyara. Sannan na ce a cikin rana ba na sanin ko a kunne take, sai batir ya ƙare. Sai ta kawo wayar bakina ta ce in ce "an kunna", in ce "an kashe", ta ɗauka ta sa a ciki. Tun daga ranar ni nake gaya wa kaina halin da tocilata take ciki. Ban sake faɗuwa ba.

Tsofaffin unguwa suka gani, kowa ya ce a sa masa. Kausar ta ce gara a ɗora ta a rumbun da kowa ke sauke manhaja, amma sai da katin banki da shaidar mutum, ita kuwa iƙamarta, takardar zama, tana wurin sabuntawa. Ɗanka Abdulwasi'u da ke Kano shi ya ce ta turo masa, yana da rajista, zai ɗora mata. Ta tura. Daga nan ban ƙara jin zancen ba.

Cikin watan jiya wani mai Umra ya kawo min jaka, taya ta karye. Ina laluben ƙusar ciki, sai ya ce bari ya haska min. Ya ciro wayarsa ya taɓa, sai na ji muryata ta ce an kunna. Na ajiye abin da ke hannuna. Na tambaye shi ina ya samu, ya ce wani yaro ɗan Kano ne ya yi ta saboda tsofaffi, mahaifiyarsa ma da ita take amfani. Ya karanto min sunan da ke jiki: Abdulwasi'u Labaran. Har ya ƙara da cewa muryar tsohon cikin tana ba shi dariya, kamar mai jin haushin mutane. Na gama masa gyara ya tafi, ban gaya masa ba.

Da na koma gida na tambayi Kausar, ashe ta daɗe da sani. Akwai wani ƙaramin kamfani a unguwar Rusaifa da ke ɗaukar mata yana horar da su kan wannan aiki, sun ce kowa ta kawo abin da ta taɓa yi. Ta kai tocilar. Matar da ke dubawa ta bincika ta ga sunan namiji daga Nijeriya. Kausar ta buɗe mata layukan da ta rubuta, matar ta ce layuka kowa na iya kwafa, ta kawo shaida daga mai sunan kafin ƙarshen Rajab, in ba haka ba a ba wata gurbin. Kausar ta rubuta wa Abdulwasi'u. Ya ce rajistar tasa ce, shi ya sa sunansa ya fito, kuma bai ga dacewar a baza sunan 'ya mace duniya tana gani ba. Ya rufe da cewa ai duk gida ɗaya ne. Na san inda ya koyi wannan. Na kira shi, ya ce, Baffa, ina cikin aji, zan kira, bai kira ba. Kausar ta ce, Baba, khalas, a bar shi, kada zumunci ya ɓaci a kan fitila. Ba ta san ina aiko da takardar nan ba.

Ba na cewa yaron bai yi komai ba. Shi ya ɗora, an ce shi ya zana hoton da ke kanta, hoton kuma ya yi kyau. Sunan 'yata kuwa, ni ne ubanta, ni ke da ikon cewa a ɓoye ko a bayyana, kuma na ce a bayyana. Abu biyu nake so. Ya rubuta a jikin manhajar cewa Kausar Awwalu ce ta haɗa ta. Sannan ya aika wa matar Rusaifa da bayani da sunansa, Kausar za ta ba shi adireshin. Mukhtaru ya ce wannan ba zai kai shan shayi ɗaukar lokaci ba. In ya ƙi, ya cire muryata daga ciki, domin ita dai ba zai ce tasa ce ba.

Ka gaishe da Hussaina, da Rabi da mijinta, da Mahadi, da iyalan marigayi Usaini. Shatu tana gaishe ku. Abdulwasi'u ma ka gaishe shi, ɗana ne, ina sa shi a addu'a a Harami kamar kowa.

Hajiya Talatu ta yi min alkawari ba za ta tashi daga zaurenka ba sai an karanta maka wannan a gabanta, sannan ta kira ni ta miƙa maka wayar. Kada ka turo min yaro, kada ka turo min gaisuwa. Kai nake so in ji, da bakinka, i ko a'a, kafin Rajab ya fita. Ka amsa min, Labaran.

Yayanka,
Awwalu mai gyaran jaka.