Ƙudurin Gadar Garinmu

Litinin, 3 ga Maris
Gobe zan gabatar da ƙudurin gadar garinmu. Akawun majalisa ya ja ni gefe: "Ranki ya daɗe, kin kai wa Jagora ya sa albarka?" Wai al'adar gidan ce, sabon shiga ba ya kawo ƙuduri sai ya bi ta ofishin shugaban masu rinjaye. Na ce masa waɗanda suka bi layi cikin rana suka zaɓe ni sun riga sun sa. Ya dube ni kamar na ba shi tausayi.

Talata, 4 ga Maris
Na karanta, muryata ko rawa ba ta yi ba. Kakaki ya tambaya wa zai mara baya. Tsit! Mutum ashirin da uku, kowa ya tuna da wayarsa. Na kusa da ni har da sunkuyawa gyaran takalmi. Ƙudurin ya faɗi. Na yi kuka a banɗaki, amma na takaici ne.

Alhamis, 13 ga Maris
Inna ta kira. "Ke tun kina ƙarama wuyanki ba ya lanƙwasuwa. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne." Na ce, Inna, wannan wadan tumbinsa ya fi gadar faɗi. Ta yi salati ta kashe wayar.

Talata, 25 ga Maris
Karo na biyu, ba wanda ya motsa. A matakala Jagora ya ce, "'Yata, ya ƙoƙari?" 'Yarsa! Zai gani.

Asabar, 12 ga Afrilu
Na je gida. Ruwa ya sauka, rafi ya cika, ragowar katakon gadar ya tafi. Ungozomar asibitinmu ta tare ni a ƙofa. Shekaranjiya a kan ƙyaure aka ɗauko wata mai naƙuda daga ƙetare, maza huɗu, ruwa har ƙirji. Uwar ta rayu. Ita kaɗai, ban da jaririn.
Ungozomar ta ce, "Kin ce za ki yi magana."
Na ce na yi, har sau biyu.
"To, wa ya ji?"
Kunya ta hana ni kallonta.

Litinin, 14 ga Afrilu
Awa biyu a kan bencin ofishin Jagora. Da na shiga na miƙa masa ƙudurin, ko karantawa bai yi ba. Ya zaro biro ya ja layi a kan sunana, ya rubuta nasa a sama. "Haka ake yi, 'yata." Na ciji leɓe har na ji ɗanɗanon jini.

Laraba, 16 ga Afrilu
Minti huɗu, ƙuduri ya wuce. Rediyo sai yabon Jagora yake, wai mai kishin talakawa. Su yi ta yi.
Injiniya zai je awo ranar Litinin, na ce ungozoma ta tsaya a kansa.
Da Kakaki ya nemi mai mara baya, ban san lokacin da na miƙe ba, har na riga kowa. Ba don Jagora na tashi ba. Kuma ran nan gaisuwa kawai na je yi a ofishinsa.