Gaisuwa Tana Cinye Mini Gudun Jirgi

Gwaggo Fatsuma mai filin shawara, ki agaje ni, domin al'amari ya kai intaha, kuma saura kwana tara a yi mini jarrabawa.

Ni ɗan Kebbe ne, ɗan limamin unguwa, wanda ƙaddara ta ɗauko daga kan babur ta zaunar a makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Gwaggo, ni da kaina! Ni da na san kowane rami tsakanin Kebbe da Tambuwal, yau gajimare nika leƙawa ta bisa. Wani lokaci ina layin abinci sai dariya ta kama ni haka kawai.

Ga musibar. Muna darasin tashi daga filin da jirage suka yi cunkoso, a cikin na'urar kwaikwayo, wani ɗaki da aka ƙera tamkar mazaunin matuƙi. Mai hasumiya, wato jami'in da ke tsara zirga-zirgar jirage ta rediyo, zai umarce ka ka kai ƙafa dubu shida kafin wuri kaza, don masu saukowa za su ratsa ta ƙarƙashinka. In ka ɗaga hancin jirgi da yawa, kana hawa amma gudu na zubewa har fukafukai su kasa ɗaukarka. In ka sunkuyar da shi, gudu ya wuce iyakar da aka yanka, kuma ba ka kai tsayin ba. Wannan mizani na fahimce shi fahimta ta haƙiƙa. A takarda babu mai kama ƙafata.

To amma mai yin muryar hasumiya a na'urar shi ne Malam Lauwali, dattijon Dogon Daji, wanda ya yi karatun allo tare da mahaifina. Da muryarsa ta faɗo kunnena sai tarbiyya ta motsa. Yaya zan ambaci lambar jirgi tsirara ga abokin baba? Sai in fara da barka da asuba, in tambayi gajiya, in tambayi iyali, har kaina ke rusunawa. Hannuna kuwa yana nan yana jan sitiyari baya. Kafin in kai ga tambayar lafiyar Hajiyarsa, ƙararrawar gargaɗi ta ɗauka, jirgi na karkarwa, malamata Kyaftin Madina ta riƙe kai. Sau fuɗu ke nan. Jiya na yi azamar yin shiru, sai kunya ta sa na sunkuyar da kai da hancin jirgi baki ɗaya, na shiga hanyar masu saukowa a guje kamar mai achaba ya hango fasinja.

Kyaftin ta ce in na maimaita haka ranar jarrabawa, sai ajin baya. Baba kuwa ya riga ya sanar a masallaci cewa bana zan karɓi fukafukaina, wato bajen zama cikakken matuƙi. Shin in zama matuƙi marar ladabi, ko mai ladabi marar jirgi?

Naki cikin girmamawa mai tsanani,
Gaggafan Kebbe

*

Gaggafa ɗana,

Na yi dariya, sannan na kira wani tsohon matuƙi, domin ni ko keke ban iya ba.

Ladabinka abin alfahari ne, kada kowa ya sa ka ji kunyarsa. Amma Kyaftin Madina tana da gaskiya. Rediyon nan ba naka ba ne kai kaɗai. Yayin da kake tambayar gajiya, wani matuƙi yana jiran layi ya faɗi abin da rai ya rataya a kai. Kai ɗan malamai ne, ka san ba a yi wa ladan sallama yana tsakiyar kiran salla, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan raini. Mai hasumiya yana cikin irin wannan hali.

Ga abin da matuƙin ya ce in faɗa maka. Hannu tukuna, sannan hanya, baki daga ƙarshe. Ka saita hancin jirgi inda zai riƙe gudun hawa da aka koya maka, ka daidaita shi har ya zauna ba tare da ka ja ba, kafin ka taɓa rediyo. Idonka kan ma'aunin gudu ko kana magana. Ka maimaita umarnin, ka faɗi lambar jirginka, ka yi shiru. In ka ga ba za ka kai tsayin ba sai dai in ka sayar da gudunka, ka faɗa da wuri cewa ba za ka iya ba, zai sama maka wata hanya. Wannan ba gazawa ba ce.

Sauran kuma nawa ne. Kowace safiya, kafin ka shiga na'urar, ka tarar da Malam Lauwali a ofishinsa, ka durƙusa, ka gaishe shi har ka ƙoshi. Ka gaya masa abin da ke damunka. Ina kyautata zaton ya fi ka shan wahala, domin shi ma yana jin ɗan abokinsa na gaishe shi, aiki ya hana shi amsawa.

Allah Ya ba ka sa'a, Ya sa ka hau lafiya ka sauka lafiya.

Gwaggonka Fatsuma