Rawar Hannun Baba

Bukkuyum, daren Laraba, Maris 2004

Yau baƙon likita ya duba wani tsoho daga Gwashi a asibitinmu. Ya ce rawar hannunsa ciwo ce mai suna Fakinsan, kuma akwai maganin da ke sassauta ta. Ya tambaye ni ko muna yawan ganin irinta. Na ambaci wani makiyayi na Zugu da matar limaminmu, sai na tuna marigayi Baba. Shekara shida hannunsa na rawa ina cewa tsufa ne. Har tsawa na yi masa ranar da ya zubar mini da fura a riga.

Na gaya wa Inna. Sai ta ce, "Tun ranar nan ya bar cin tuwo gabanka. Kunyarka yake ji."