Baturen da Ke Neman Yawuna

Yaya Istifanus,

Gaisuwa mai yawa daga Ingila. Ya mutanen Kambarawa? Ya ƙafar Kaka Naomi? Ni lafiya lau, sai dai tsayuwar asibiti ta fara taɓa mani baya. Kada ka faɗa ma Mama.

Wani tsohon Bature da nake jinya ya karanta sunana a jikin rigata, Rifkatu Fletcher, ya kusa faɗowa daga gado. Wai shi ma sunansu ke nan. Ya ce shekara ɗari bakwai da suka wuce, masu yin kibiya ake kira haka a ƙasarsu. Na ce mashi mu aro muka yi. Kakanmu kuku ne a gidan wani Bature, aka rubuta ma Baba sunan maigidan a makaranta.

Sai ya ce ƙanen babanshi ya yi aiki a Katsina, garinmu. Jiya ya kawo 'yar kwalba, wai in tofa yawu a gwada ko mu dangi ne. Ni da ko gashina ba na bari a mataji a gidan mutane! Na ƙi, ya cusa mani ita a aljihu.

Hankalina bai kwanta ba, Yaya. Kunnuwan tsohon nan irin na Baba ne sak. Kuma ka taɓa jin Kaka da ta haife shi ta kira sunan Fletcher ɗin nan da bakinta?

Kada ka tambaye ta. Ka dai turo mani hoton Baba na aure.

Allah ya tsare mani ku. Kwalbar ban yar da ita ba tukuna.

Ƙanwarka,
Rifkatu