Dawar da Ba Ta Cikin Taswirarku

Zuwa ga mai girma Baturen da ke shugabancin aikin jirgin ƙasa na wanga yanki.

Gaisuwa da ban girma gwargwadon matsayinka, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Bayan haka:

Sunana Hadizatu, mutuniyar Wurno, mata nake karantarwa a gidan mahaifina. Ni ce uwar Ummaru direba, wanda ke kurkuku tun bara saboda karon da jirginku ya yi da motarshi a mararrabar da hanyar mota ta ƙetare dogo, kusa da Gusau. Sau biyu na rubuto maka a rufe, ban samu amsa ba. Wannan takardar na buɗe ta, kowa shi karanta. Na kuma aiko ofishinka da wani dogon abu naɗe cikin tabarma. Kada masinjanka shi jefar da shi, shaida ne.

Na ɗaya. Ummaru ya ɗauko fatu da shinkafa daga Goronyo da Rabah, da fasinja a saman kaya. Da hantsi ne, ƙarshen damina, dawa ta yi kai. Wurin babu ƙyaure, babu mai tuta, sai allo guda da rubutun Turanci. Jirgi ya ɗauke bayan motar. Mutum biyu sunka rasu: Malam Isa na Shinaka, mai fataucin fata, da Hassi ta Marnona, wadda ni na koya mata karatu tun daga baƙi. Ni na ce mata ta bi motar ɗana, don na san tuƙinshi. Tun ranan uwarta ba ta amsa gaisuwata, ban kuwa ga laifinta ba, abin da anka gaya mata ta riƙe.

Na biyu. Kun aiko Baturen awo ya duba wurin. Na sa wani malamin makaranta ya fassara mani takardarshi kalma bayan kalma. Ya rubuta cewa wurin fili ne fetal, direba na iya hango jirgi daga nesa ta dama da hagu, don haka sakaci ne. Ban ce ya yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya rubuta. Amma yaushe ya zo? Wata uku bayan karon. An yi girbi, an kwashe kara an yi darni da shi, shanun Fulani sun share abin da ya rage. Ko tsohuwa mai yanar ido ta hango jirgi a lokacin. Ya auna nisan hanya, ya auna tudu, ya zana taswira mai kyau, bai tambayi kowa mi ke tsaye nan wata uku baya ba. Ko mai tallar fura ya tambaya, da ta gaya mashi.

Na uku. A gaban shari'a ɗana ya ce dawa ta kare mashi ganin jirgin. Sai anka shimfiɗa mashi taswirar, anka ce shi nuna inda dawar take. Tafinta ya yi dariya. Ina zaune bayan ɗaki na ji dariyar, har yau kuma ina jin ta. Anka yanke mashi shekara uku, anka karɓe lasin ɗinshi.

Na huɗu, kuma nan nake so ka natsu. Ban iya gardama da taswira ba, sai na jira dawa ta dawo. Shekara guda na yi ina ƙirga ruwan sama. Makon jiya na bar Wurno, ni da ban taɓa ganin jirgi ba sai a takarda, na je mararrabar. Na roƙi wani direba ɗan garinmu ya tsayar da motarshi inda Ummaru ya ce ya rage gudu. Na hau na zauna kujerar tuƙi, da shekaruna hamsin da ɗori, mutane na kallo. Na duba dama, dawa. Na duba hagu, dawa, har ganyenta na shafar ƙofar mota. Jirgi ya taho, na ji usur ɗinshi don injin mota na kashe, amma ban ga ko hayaƙinshi ba sai da ya bayyana gabana kamar an yaye labule. Washegari na koma, na sa direban ya bar inji na aiki. Rannan ko usur ban ji ba. Ƙasa kawai na ji ta motsa.

Abin da ke cikin tabarmar nan karan dawa ne daga gonar da ke kusurwar mararraba. Na auna shi da hannuna, kamu takwas. Daga ƙasa zuwa idon wanda ke zaune kujerar direba kamu biyar ne. Kai mai ilimin lissafi ne, ban koya maka sauran ba.

Kada ka juya laifin kan mai gonar. Tsoho ne, nan kakanshi ya yi noma, dogonku ne ya ratsa gonarshi, ba gonarshi ta ratsa dogo ba. Ba wanda ya taɓa ce mashi shi ja baya. Shi ne ma ya yi mani abin da ofishinka bai yi ba. Dawarshi ta nuna, maƙwabta sun fara sara, na durƙusa na roƙe shi, ya yarda shi bar kusurwar nan tsaye har Juma'a biyu masu zuwa. Tsuntsaye na cin abincin iyalinshi kullum saboda ɗan wata mace da bai sani ba. Fiye da haka ba ni da bakin roƙo.

Ga abin da nake nema. Ka zo da kanka, ko ka aiko Baturen awon nan, kafin Juma'a ta biyu, shi hau mota ba doki ba, shi zauna inda na zauna. In ya ga jirgi daga nesa, na yarda a ƙara wa ɗana shekara uku. In bai gani ba, a gyara takardar, a kai ta gaban shari'a a sake duba hukuncin Ummaru, a kuma aika Marnona da Shinaka a karanta masu gyaran da Hausa, don iyalan mamatan su san abin da ya kashe mutanensu. Sannan a sa ƙyaure da mai tuta a wurin, tunda dawa ba ta daina fitowa don ta ɓace daga taswira.

In wa'adin ya wuce, tsoho zai sare dawarshi, wurin shi koma fili, takardarku ta sake zama gaskiya har wata damina. Ni zan sake jira, jira na iya. Ummaru ne ban sani ba, don tari ya kama shi tun sanyin bara, kuma ranar da na je ganinshi sai da ya dafa bango kafin shi gaishe ni.

Allah shi ba ka lafiya, shi tsare 'ya'yanka a kowace hanya sunka bi, shi sa ka buɗe tabarmar nan da hannunka.

Wassalam.

Hadizatu, uwar Ummaru,
Wurno.